Yadda Ake Auna Ɗan Wasan Besbol Kafin a Zuba Masa Kuɗi

A ranar 1 ga Disamba, 2021, ƙungiyar besbol ta Texas Rangers a Amurka ta gabatar da 'yan wasa biyu da ta ɗauka: Corey Seager a kan dala miliyan 325 na shekara 10, da Marcus Semien a kan dala miliyan 175 na shekara 7. Rabin biliyan ke nan a kan mutum biyu, kuma ƙungiyar da ta yi wannan aika-aika, a ganin mutane da yawa a lokacin, ta gama kakar da ta gabata ne da rashin nasara a wasa 102 cikin 162. Bayan shekara biyu ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun gasar, na farko a tarihinta. A daidai wannan zamani, Los Angeles Angels da ke rukuni ɗaya da su ta shafe sama da shekara goma tana rabon manyan kwantiragi, tana da taurari irin Mike Trout, daga baya ga Shohei Ohtani, amma sau ɗaya tak ta shiga wasannin fidda gwani, a 2014.

Duka biyun sun kashe kuɗi. Bambancin yana wajen awo. Ni dai abin da na yarda da shi shi ne ɗan wasa ba shi da farashi shi kaɗai. Darajarsa tana rataye da gurbin da zai cike, da shekarun da suka rage masa, da kuma lokacin da ƙungiyar take ciki. Ka ɗauka kai ne babban manajan ɗaya daga ƙungiyoyi 30 na babbar gasar MLB ta Amurka da Kanada, kaka ta ƙare, kasuwar hunturu ta buɗe. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Mataki na ɗaya: san irin kasuwar da ka shiga

Mai bin ƙwallon ƙafa ya saba jin an ce ɗan wasa ya tafi wata ƙungiya "a kyauta" idan kwantiraginsa ya ƙare. A besbol tsarin ya fi haka ɗaure. Ƙungiyar da ta reni ɗan wasa tana da iko da shi har sai ya cika shekara 6 a babbar gasa, kuma kwana 172 a jerin 'yan wasa ake lissafawa shekara guda. A shekaru ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi yake karɓa, wanda a 2025 ya kai dala 760,000. Daga nan sai shekarun sasanci, inda idan an kasa daidaitawa masu shiga tsakani ke zaɓar adadin ɗan wasa ko na ƙungiya. Sai bayan shekara shidan nan yake samun 'yancin kansa, ya yi ciniki da wanda ya ga dama.

Wannan 'yanci ma da gumi aka samo shi. Ɗan wasa Curt Flood ya ƙi yarda a mayar da shi daga St. Louis zuwa Philadelphia a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972. Sai a Disambar 1975 mai shiga tsakani Peter Seitz ya yanke hukuncin da ya 'yanta Andy Messersmith da Dave McNally, daga nan ƙofa ta buɗe.

Abubuwa biyu ne za ka riƙe daga wannan tarihi. Na farko, saboda shekara shidan nan, yawancin masu shigowa kasuwa sun kai 29 zuwa 32, wato ƙuruciyarsu wata ƙungiya ta riga ta more ta da araha. Na biyu, kwantiragin babbar gasa tabbatacce ne. Ko ɗan wasa ya ji rauni a makon farko, ko hannunsa ya mutu, sai ka biya shi har kwabon ƙarshe.

Mataki na biyu: ƙidaya abin da ke gidanka kafin ka leƙa waje

Nan ne ake yawan yin gaggawa, kuma nan ne aikin yake. Kowace ƙungiya tana da jeri biyu. Akwai 'yan wasa 26 da ke buga wasa kullum, waɗanda masu jifa a cikinsu ba za su wuce 13 ba, sai a watan Satumba a ƙara su zama 28. Akwai kuma babban jeri na mutum 40, wanda ya haɗa da matasan da ke ƙananan gasa da kake son karewa. Duk wanda ka ɗauko daga kasuwa sai ya ci gurbi ɗaya a cikin arba'in ɗin nan, wani kuma ya fita. Matashin da ya daɗe a ƙananan gasa ba ka sa shi a jerin ba, wata ƙungiya na iya ɗauke shi a zaɓen da ake yi kowace Disamba.

Sai ka ɗauki takarda ka jera gurabe: mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu, masu tsaron zango na ɗaya da na biyu da na uku (zango shi ne wurin da mai bugu ke gudu ya tsaya bayan ya buga ƙwallo), mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku, uku na bakin fili, mai bugu zalla wanda ba ya tsaro, masu buɗe jifa biyar, da masu karɓar jifa, wato masu canjin mai buɗe jifa a tsakiyar wasa, bakwai ko takwas. A gaban kowane gurbi ka rubuta wanda ke kai, shekarunsa, shekara nawa ya rage a hannunka, da nasara nawa kake sa ran zai kawo.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen wannan shi ne WAR. Ma'anarsa a sauƙaƙe: wasa nawa wannan mutum zai ƙara maka a kan ɗan cike gurbi, irin wanda za ka iya ɗaukowa daga ƙaramar gasa ba tare da ka kashe komai ba. Ƙungiyar da aka haɗa da 'yan cike gurbi zalla za ta ci kusan wasa 48 a kaka. Ɗan wasa matsakaici da ke buga kullum yana kawo kamar 2, tauraro 5 zuwa 6, gwarzon shekara 8 ko fiye. Idan ka tara na kowa ka ɗora a kan 48, za ka ga inda kake tsaye.

Amfanin wannan lissafi shi ne yana nuna maka rami. Ɗan wasa mai 5 da ka ɗora a gurbin da kake da mai 3, biyu kawai ya ƙara maka, alhali kuɗin biyar za ka biya. Wannan mutumin dai, a gurbin da ba ka da kowa, biyar ɗin cif zai kawo. Rangers a 2021 ba su da abin kirki a tsakiyar fili. Seager da Semien duk sun iya tsaron tsakanin zango na biyu da na uku, sai aka bar wa Seager wurin, Semien ya zauna a zango na biyu inda ya riga ya buga wa Toronto shekara guda. Ramuka biyu masu zurfi aka cike a lokaci ɗaya, shi ya sa kusan duk abin da suka kawo riba ne.

Mataki na uku: faɗa wa kanka gaskiya game da lokacinka

Nasara ba ta da daraja ɗaya a ko'ina. Tashi daga 70 zuwa 75 ba ya canza komai, kana gida a watan Oktoba. Tashi daga 84 zuwa 89 kuwa sau da yawa shi ne bambancin shiga wasannin fidda gwani da zama ɗan kallo, musamman tun 2022 da aka faɗaɗa su zuwa ƙungiya 12. Don haka ƙungiyar da ke bakin ƙofa tana da hujjar biyan fiye da farashin kasuwa, wadda ke nesa kuwa ta fi dacewa da gajerun kwantiragi.

To me ya sa Rangers suka zuba kuɗi suna da nasara 60 kacal? Saboda ba 2022 suka saya ba. A waccan shekarar ma sun sha kaye 94. Sun duba sun ga matasansu na tafe, irin su Josh Jung, kuma kasuwar waccan shekara ta cika da ƙwararrun 'yan tsakiyar fili irin waɗanda ba kullum ake samu ba. Seager yana da shekara 27 a lokacin, don haka ko an jira shekara biyu ƙarfinsa na nan. Chicago Cubs sun yi irin haka a Disambar 2014 da suka ba mai jifa Jon Lester dala miliyan 155 na shekara 6, matasansu suna dab da nuna, suka ɗauki kofi a 2016 bayan shekara 108 suna jira. Saye da wuri yana halatta idan ɗan wasan zai kai lokacin da kake hange. Idan ba zai kai ba, ka ci bashi ne don ka yi ado a gidan da ba a gama gini ba.

Mataki na huɗu: auna gobensa, ka bar jiyansa

Wannan ne zuciyar aikin, kuma nan zan fi daɗewa. Wakilin ɗan wasa zai zo maka da kundin abin da mutuminsa ya yi. Kai kuwa abin da zai yi za ka biya.

Fara da shekaru. Yawancin 'yan besbol suna kai ƙololuwa tsakanin 26 da 29, daga 30 sai gangara. Masu lissafi sukan cire kusan rabin nasara a kowace shekara bayan talatin, kuma gangarar takan yi tsanani bayan 34. Albert Pujols ya zama gwarzon gasarsa sau uku a St. Louis, ya ɗauki kofi biyu. Angels suka ba shi dala miliyan 240 na shekara 10 a Disambar 2011, yana dab da cika 32. Babu wanda ya yi ƙarya game da girmansa, yana cikin manyan masu bugu a tarihi. Amma ƙafafu suka fara ciwo, gudu ya tafi, tsaro ya tafi, aka sallame shi a Mayun 2021 kwantiragin bai ƙare ba. Ka kwatanta da Juan Soto, wanda New York Mets suka ba dala miliyan 765 na shekara 15 a Disambar 2024. Kuɗin ya ninka na Pujols sau uku, amma Soto yana da 26 a lokacin. Wani babban ɓangare na wannan kuɗi shekarun ƙuruciya aka saya da shi, abin da kasuwar nan ba kasafai take sayarwa ba.

Bayan shekaru, duba irin baiwar. Ba duka suke tsufa tare ba. Gudu shi ke fara tafiya. Idon tantance ƙwallo, wato sanin wadda za a buga da wadda za a ƙyale, yana daɗewa. Mai bugun da yake yawan kuskuren ƙwallo tun yana matashi, ranar da hannunsa ya ɗan rage sauri sai komai ya rushe lokaci ɗaya. Haka ta faru da Chris Davis bayan Baltimore ta ba shi dala miliyan 161 na shekara 7 a 2016. Sannan ka tambayi kanka: idan ƙafarsa ta yi nauyi, ina zan mayar da shi? Mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku yana iya komawa zango na uku, daga nan na ɗaya, daga nan bugu zalla. Wanda ya riga ya fara daga zango na ɗaya kuwa mataki ɗaya ya rage masa.

Kada ka yarda da kaka ɗaya. Ɗauki uku na baya, ka ba ta ƙarshe nauyi mafi yawa, sannan ka ja sakamakon ya ɗan kusanci matsakaici. Tun 2015 kowane filin MLB yana da na'urorin Statcast da ke auna ƙarfin fitar ƙwallo daga sanda, da kusurwar tashinta, da saurin jifa da juyawar ƙwallo. Idan alƙaluman mutum sun yi kyau amma ƙarfin bugunsa yana raguwa shekara biyu a jere, sa'a ce take rufa masa asiri. Idan kuma yana buga ƙwallo da ƙarfi tana faɗawa hannun masu tsaro, wataƙila ka samu araha.

Sai fili. Filayen besbol ba girmansu ɗaya ba. Coors Field na birnin Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa kuma jifa mai lanƙwasa ba ta lanƙwasa sosai. Colorado, ƙungiyar da ke wannan fili, ta ba mai jifa Mike Hampton dala miliyan 121 na shekara 8 a Disambar 2000, bayan kaka biyu ta rabu da shi. A filin Yankees kuwa katangar dama tana kusa, abin da ke yi wa mai bugu da hagu daɗi. Ka tambayi yadda ƙwallayensa za su sauka a naka filin, inda zai buga wasa 81 kowace shekara.

Na ƙarshe a wannan mataki, lafiya. Tarihin rauni shi ne mafi kyawun manunin rauni na gaba. Kuma kada ka raina gwajin likita. A Disambar 2022 Carlos Correa ya daidaita da San Francisco Giants a kan dala miliyan 350 na shekara 13, likitoci suka nuna damuwa kan tsohon rauni a idon sawunsa, ciniki ya watse. Mets suka zo da miliyan 315, su ma suka ja baya saboda dalili ɗaya. Ya ƙare a Minnesota a kan miliyan 200 na shekara 6. An zagi ƙungiyoyin biyu a lokacin, amma ni ina ganin aikinsu suka yi. Cinikin biri a sama ne ka ɗaure kanka shekara goma sha uku a kan ƙafar da likitanka bai yarda da ita ba.

Mataki na biyar: mayar da hasashe kuɗi

Masu nazarin kasuwa sun daɗe suna ƙiyasta cewa nasara ɗaya a kasuwar nan tana cin dala miliyan 8 zuwa 10. Mu ɗauki takwas don sauƙin lissafi. A ce ga ɗan wasa mai shekara 30 da kake sa ran zai kawo 4 a baɗi. Idan ana cire rabi kowace shekara, za ka samu 4, da 3.5, da 3, da 2.5, da 2. Jimilla 15 a shekara biyar, wato dala miliyan 120. Idan wakilinsa ya nace sai shekara bakwai, shekaru biyun ƙarin za su kawo 1.5 da 1, darajarsu miliyan 20 kacal a haɗe. Amma shi wakilin albashin shekarar farko zai nema a kansu. Shi ya sa faɗan gaskiya a teburin ciniki kan yawan shekaru ne, ba kan albashin shekara ba.

Rubuta iyakarka kafin ka ɗaga waya. A kasuwar da ƙungiya biyar ke neman mutum ɗaya, wanda ya yi nasara shi ne wanda hasashensa ya fi na kowa zaƙi, kuma sau da yawa wannan yana nufin shi ya fi kowa kuskure. Idan ciniki ya wuce iyakarka da kaɗan kuma kana bakin ƙofar kofi, kana iya bi. Idan ya wuce da shekara biyu, tashi.

Mataki na shida: ƙara kuɗin da ba a rubuta a kwantiragi ba

MLB ba ta da iyakar albashi, amma tana da harajin wuce gona da iri. Layin ya kasance dala miliyan 237 a 2024, 241 a 2025, 244 a 2026. Wanda ya wuce karon farko yana biyan kashi 20 cikin ɗari na abin da ya haura, karo na biyu a jere 30, na uku 50. Akwai ƙari idan ka yi nisa: wanda ya haura layin da sama da miliyan 60 a karo na uku, harajinsa a wannan mataki kashi 110 ne. Ga irin wannan ƙungiya, ɗan wasan miliyan 20 miliyan 42 yake ci. Kuma matsakaicin albashin shekara na kwantiragi ake lissafawa, ba abin da ka biya a shekarar ba.

Akwai kuma tayin riƙo. Ƙungiyar da ɗan wasa zai bari tana iya yi masa tayin shekara ɗaya a kan matsakaicin albashin mutum 125 mafi tsada, wanda bayan kakar 2024 ya kai dala miliyan 21.05. Idan ya ƙi, duk wanda ya ɗauke shi sai ya rasa gurbi a zaɓen matasa, masu biyan haraji kuwa gurbi biyu da ƙarin dala miliyan ɗaya daga kason ɗaukar matasan ƙasashen waje. Rangers sun rasa zaɓinsu na zagaye na biyu da na uku a 2022 saboda Seager da Semien. Sun sani, sun sa a lissafi.

Ɗan wasan da ya zo daga Japan kafin ya samu 'yanci a can yana da kuɗin sallama. Los Angeles Dodgers sun ba Yoshinobu Yamamoto miliyan 325 na shekara 12, sannan suka biya tsohuwar ƙungiyarsa Orix Buffaloes sama da miliyan 50.

Mataki na bakwai: tsara kwantiragin yadda zai zauna

Adadi ɗaya ana iya ɗinka shi hanyoyi da yawa. Jinkirta biya yana rage nauyin yau. Ohtani ya karɓi miliyan 700 na shekara 10 daga Dodgers a Disambar 2023, amma miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, sauran 680 sai daga 2034 zuwa 2043. A lissafin haraji kwantiragin ya koma kusan miliyan 46 a shekara maimakon 70. Sai dai bashi ba ya ruɓa: Mets suna biyan tsohon ɗan wasansu Bobby Bonilla kusan dala miliyan 1.19 kowace 1 ga Yuli tun 2011, kuma za su ci gaba har 2035.

Ka yi hattara da sharaɗin da ke ba ɗan wasa damar ficewa a tsakiya. Idan ya yi kyau zai fita ya nemi ƙari, idan ya lalace zai zauna ka biya. Duk haɗarin na kanka. Idan dole ne ka ba da shi, ka rage kuɗi ko shekaru. Akasinsa shi ne zaɓin ƙungiya na ƙara shekara, wanda ya kamata ka nema duk inda ka samu. Sharaɗin hana musaya ma yana da farashi, domin ranar da kake son sauya hanya sai ka nemi izininsa.

Mataki na takwas: masu jifa lissafinsu daban

Hannun ɗan'adam ba a yi shi don jifa da gudun kilomita 160 a sa'a ba. Jijiyar gwiwar hannu na tsinkewa, kuma tiyatar da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 tana cin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin mutum ya dawo. Washington Nationals sun ga fuska biyu na wannan. Max Scherzer, miliyan 210 na shekara 7 a 2015, ya zama gwarzon masu jifa a 2016 da 2017, ya taimaka aka ɗauki kofi a 2019. Yana cikin mafi kyawun ciniki da aka taɓa yi. Stephen Strasburg, gwarzon wannan kofin na 2019, aka ba shi miliyan 245 na shekara 7, bai jefa abin da ya kai zubi 32 ba bayan nan har ya yi ritaya (zubi tara ake yi a wasa ɗaya).

Rangers ma ba su tsira ba. Jacob deGrom, miliyan 185 na shekara 5, wasa shida ya buɗe a 2023 aka kai shi tiyata. Abin da ya cece su shi ne ba su zuba ƙwansu a kwando ɗaya ba. Sun riga sun ɗauki Jon Gray, sun ɗauki Nathan Eovaldi a kan miliyan 34 na shekara 2, kuma Eovaldi ne ya ci wasa biyar a wasannin fidda gwani na waccan shekara. A ƙarshen Yuli suka ƙaro Jordan Montgomery da Scherzer ta hanyar musaya. Ka shirya masu buɗe jifa takwas ko tara a ranka, domin biyar ɗin da ka fara da su a Afrilu ba su za su kai ka Satumba ba.

Masu karɓar jifa kuwa, zubi 60 zuwa 70 suke jefawa a kaka, kuma na bana ba lallai ya zama na baɗi ba. Ban cika son dogon kwantiragi a nan ba. Tara hannaye da yawa masu araha, ka tabbata wasunsu suna da damar a sauke su ƙaramar gasa a dawo da su, domin kowane ɗan wasa kaka uku kawai ake iya yi masa haka cikin sauƙi.

Mataki na tara: sauran mutum ashirin

Taurari biyu ba sa ɗaukar jinka. A besbol gwarzonka sau huɗu ko biyar yake zuwa bugu a wasa, kamar kowa, ba ka da ikon miƙa masa sanda duk lokacin da abu ya yi zafi. Nan ne Angels suka yi ta tuntuɓe. Bayan Pujols sai Josh Hamilton, miliyan 125 a 2012, sai Anthony Rendon, miliyan 245 a 2019, wanda bai taɓa buga wasa 60 a kaka ɗaya a wurinsu ba. Kuɗi ya taru a kan mutum kaɗan, masu jifa ba su isa ba, ƙananan ƙungiyoyinsu kuma ba su turo masu cike giɓi ba. Mets na 2023 sun biya albashi mafi yawa a tarihin wasan zuwa lokacin, suka gama da nasara 75.

Duba waɗanda suka kewaye Seager da Semien a 2023. Adolis García, wanda ya zama gwarzon zagayen kusa da ƙarshe, da 'yan kuɗi kaɗan aka karɓo shi daga St. Louis a 2019. Jonah Heim daga Oakland ya zo ta musaya, Nathaniel Lowe daga Tampa Bay. Jung da Evan Carter 'yan gida ne. Dukkansu suna karɓar albashin da bai kai darajar aikinsu ba, kuma wannan ragin shi ya ba da damar biyan manyan.

Don haka bayan ka gama da manyan, koma kasuwar ƙasa. A Nuwamba ƙungiyoyi kan saki 'yan wasan da ba sa son biyan kuɗin sasancinsu. Akwai masu neman shekara ɗaya don su wanke sunansu, kamar Adrián Beltré da ya je Boston a 2010 ya farfaɗo. Akwai mai bugu da hagu da ba ya iya fuskantar mai jifa da hagu, wanda idan ka haɗa shi da na dama mai irin matsalarsa a ɗaya ɓangaren, su biyun za su ba ka aikin mutum ɗaya nagari a kan rabin kuɗi. Oakland a 2002 sun rasa Jason Giambi, wanda Yankees suka ba miliyan 120. Suka ɗauko Scott Hatteberg, tsohon mai cafke ƙwallo da hannunsa ya samu matsala, a kan ƙasa da dala miliyan ɗaya, suka koya masa tsaron zango na ɗaya saboda ya iya kai kansa zango. Sun ci wasa 103.

Kafin ka sa hannu a kowane babban kwantiragi, buɗe jadawalin albashinka na shekara biyar masu zuwa ka saka shi a ciki. Duba shekarar da matasanka na yau za su shiga sasanci albashinsu ya fara hawa, ka ga ko za ta haɗu da shekarar da wannan sabon ɗan wasa zai cika 34. Idan akwai matashin da ka tabbatar da shi, ka yi tunanin ɗaure shi tun yanzu, yadda Atlanta ta yi wa Ronald Acuña Jr. a 2019 da miliyan 100 na shekara 8. Sannan ka bar wani kaso na kasafinka a aljihu har ƙarshen Yuli, lokacin da za ka san wane hannu ne ya karye da wane gurbi ne ya buɗe.